"Can Ko Allura Ba A Sata": Zancen Da Ke Jefa Matafiyanmu Cikin Masifa

Da wuya a yi hirar ƙasar waje a majalisa, a Kano ko Zariya ko Maraɗi, ba a sami mai cewa, "Ai can lafiya lau ake zaune. Ka bar shagonka a buɗe ka tafi salla, ko allura ba za a ɗauka ba." Wanda ya je Umra sau ɗaya ya faɗa, wanda ya je Dubai sarin kaya ya ƙara gishiri, ejan mai neman kuɗin biza ya ɗora tallarsa a kai. Yau da gobe zancen ya zauna daram a zukata: duk wanda ya samu ya tsallake, ya tsira. A ganina, wannan magana ta jawo wa mutanenmu wahalar da ɓarayin duniya ba su jawo musu ba.

Ba na musun cewa titin Madina da ƙarfe biyun dare ya fi hanyoyinmu aminci. Wanda ya kwana da fargabar 'yan bindiga a Zamfara ko Katsina, ko yake tuna harin da aka kai wa jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna a watan Maris na 2022, yana da hujja in ya yi sha'awar garin da ba a jin ƙarar harbi. Kuskuren shi ne auna amincin baƙo da ma'aunin ɗan ƙasa. Titi ɗaya suke bi, amma in aka je gaban hukuma kowa da matsayinsa. Amincin baƙo ya rataya ne a kan takardarsa, da sanin dokar garin, da wanda zai tsaya masa ranar da abu ya ɓaci. Masu wancan zance ba sa taɓa ambaton ko ɗaya daga ciki.

Mu fara da jaka. A watan Disamba na 2018 hukumomin Saudiyya suka kama wata ɗalibar jami'a da ta tashi daga Kano zuwa Umra tare da mahaifiyarta da 'yar'uwarta, bisa zargin shigo da ƙwayar tramadol. Binciken hukumar NDLEA ya nuna cewa wasu ne a filin jirgi suka maƙala sunanta a jikin jakar da ba tata ba. Sai da ta shafe wata huɗu a tsare, aka yi ta kai gwauro ana kai mari har zuwa fadar shugaban ƙasa, kafin a sako ta a ƙarshen Afrilun 2019. A 2025 aka sake maimaita irin wannan da wasu masu Umra uku da suka tashi daga filin jirgin na Kano. Babu wanda ya tare su da wuƙa a Jidda. Tun daga gida aka ɗaure su, ba su sani ba.

A kuma tuna irin ƙasar da ake magana a kai. Saudiyya tana yanke hukuncin kisa a kan safarar ƙwaya. Ta dakatar da zartar da shi na ɗan lokaci, ta dawo da shi a watan Nuwamban 2022. A shekarar 2024 kaɗai ta zartar da hukuncin kisa kan mutum fiye da 300 bisa laifuka daban-daban, kuma fiye da 100 daga cikinsu baƙi ne. Tsananin da ya sa ɓarawo yake tsoron shagon da aka bari a buɗe, shi ne dai yake jiran baƙon da aka ba "ɗan saƙo ka kai wa yayana", ya karɓa don kunya. Ba ya jin yaren kotu, ba shi da lauya, ba shi da dangi a gari. Har goro, da muke ɗauka abin alheri, hukumar alhazai takan gargaɗi maniyyata kowace shekara cewa an hana shiga da shi.

Sai takarda. A aikin Hajjin 2024, da zafi ya haura digiri 50, hukumomin Saudiyya sun ce mutum 1,301 ne suka rasu, kuma kashi 83 cikin ɗari ba su da izinin aikin Hajji. Kaso mafi girma Misirawa ne, amma hanyar da suka bi sananniya ce a wurinmu: a shiga da bizar ziyara, a laɓe har lokacin Arfa. Marar izini ba shi da tanti mai sanyi, ba shi da motar jigila, yana kuma tsoron neman taimako kada a kama shi. Rana ɗaya ce ta doki kowa, amma mai takarda ya sami inuwa.

Haka rayuwar takari take a kullum. Wanda ba shi da iƙama, wato takardar izinin zama, in aka cuce shi ba ya iya zuwa wurin 'yan sanda, domin kai ƙara daidai yake da miƙa kansa. Kowa ya san haka, shi ya sa shi ake cuta. Ita kuwa yarinyar da ejan ya kai aikatau da takarda cikakkiya, tana ƙarƙashin tsarin kafala, wato zamanta a ƙasar yana hannun wanda ya ɗauko ta. Gyaran dokar ƙwadago da Saudiyya ta yi a watan Maris na 2021 ya sassauta wa ma'aikata da yawa wajen sauya wurin aiki, amma bai haɗa da masu aikin gida ba. In uwar ɗaki ta riƙe fasfo, ta hana albashi, yarinya ta gudu, sai a kai rahoton cewa ta tsere, a wayi gari ita ce mai laifi. A Labanon, a 2020, har tallar wata 'yar Najeriya aka saka a Facebook a kan dala 1,000. Duk wannan a garuruwan da ake ce mana ko allura ba a sata.

Dubai ma da ake wa kirari tana da nata tarkon. A Daular Larabawa zagin mutum ta WhatsApp laifi ne da tararsa take farawa daga dirhami 250,000. Ɗaukar hoton wani a yaɗa ba da izininsa ba laifi ne. Wanda ake bi bashi ana iya hana shi fita daga ƙasar. Matashin da ya saba da zage-zagen intanet a gida, ko ɗan kasuwar da ya saba da "a ɗan ƙara mini haƙuri", wa ya gaya masa wannan kafin ya hau jirgi? Hausawa sun riga sun ce baƙo ko da ido makaho ne.

Abu na uku, wa zai tsaya maka? Iyaye da yawa a Arewa sun tura 'ya'yansu karatu Arewacin Saifurus saboda sauƙin kuɗi da labarin zaman lafiya. Yanki ne da Turkiyya kaɗai ta amince da shi a matsayin ƙasa, kuma Najeriya ba ta da ofishin jakadanci a can. A 2020 shugabar hukumar kula da 'yan Najeriya mazauna ƙetare, Abike Dabiri-Erewa, ta fito ta gargaɗi iyaye saboda mace-macen ɗalibai da ba a gano bakin zarensu ba. Khartum kuma, garin da muka daɗe muna tura yara karatu hankali kwance, yaƙi ya ɓarke a cikinsa ranar 15 ga Afrilu, 2023. Bayan kamar mako guda Amurka ta kwashe ma'aikatan jakadancinta da jirage masu saukar ungulu, namu ɗaliban kuwa suka yi kwanaki a yashe a kan iyakar Masar. Kafin nan, a 2022, an ga yadda aka riƙa ture baƙar fata daga jiragen ƙasa masu fita daga Yukiren. In Bature mazaunin wata ƙasa ya ce garin lafiya lau ne, gaskiya ya faɗa game da kansa, domin akwai fasfo mai ƙarfi a aljihunsa. Kada ka ari shaidarsa.

Me ya sa zancen ya ƙi mutuwa? Saboda akwai masu ci da shi, akwai kuma masu jin kunya. Ejan ba zai ambaci gidan tarhil ba, inda ake tara waɗanda za a koro, tunda kuɗinsa yana cikin tafiyarka. Wanda aka koro kuwa ya sayar da gona kafin ya tafi, ba zai tsaya a majalisa ya ce an yi wata shida ba a biya shi ba. Mai labari mai daɗi shi ke magana, mai ɗaci ya shige ɗaki.

Wani zai ce, to kowa ya kiyaye doka mana, shi ke nan. Ɗalibar nan da ta tashi daga Kano ta kiyaye doka, bai hana ta wata huɗu a tsare ba. Don haka nauyin bai tsaya kan matafiyi kaɗai ba. Dole hukumomin filayen jiragenmu su tabbata babu jakar da za a ɗaura wa sunan fasinja ba a gabansa ba. Hukumar NAPTIP ta bi ejan-ejan masu kai 'yan mata aikatau har gida. Malamai masu yi wa maniyyata bita su ware zama guda na dokokin ƙasar da za a je, kamar yadda suke ware na ihrami da ɗawafi.

Kai kuma mai shirin tafiya, kada ka karɓi saƙon da ba ka buɗe da hannunka ba, ko na wane ne. Ƙirga jakunkunanka, ka riƙe shaidar awonsu. Kada ka ba kowa fasfonka ajiya. Ka san inda ofishin jakadancin ƙasarka yake kafin ka buƙace shi, in kuwa babu shi a garin, ka sake shawara. Duk wanda ya ce maka can ko allura ba a sata, tambaye shi abin da ake yi wa baƙon da aka zarga da satar allurar. In ba shi da amsa, kada ka ba shi kuɗinka, kada kuma ka ba shi 'yarka.