GONA DA DAJI: Sanin iccen wuta bayan ya bushe

Icce yana tsaye da ganyensa, ko yaro ya san sunansa. Amma in an sare shi ya bushe, aka ɗoro shi bisa amalanke zuwa kasuwar Gidan Rumji, sai mai lura. Mai saye ya duba abu uku: ɓawo, launin ciki, da nauyi.

Ƙirya tana da nauyi ƙwarai. Cikinta ja ne mai duhu, gatari yana shan wuya kanta. Gawayinta maƙera suke nema.

Bagaruwa ɓawonta baƙi ne mai tsage-tsage, cikinta ja. Garwashinta yana daɗewa.

Aduwa cikinta rawaya ne, tana da tauri, hayaƙinta kaɗan ne.

Kalgo ɓawonsa yana tayewa zare-zare, irin wanda ake ɗaurin dami da shi.

Sabara sirara ce, ɓawonta toka-toka. Tana kamawa maza, tana cinyewa maza.

Gawo cikinsa fari ne, ba shi da nauyi kamar girmansa. In ya jima a ajiye, ƙwari suna huda shi, gari yana zuba.

Tumfafiya ba ta da nauyi ko kaɗan, ɓawonta taushi gare shi. Hayaƙi ne kawai, ba garwashi.

Amfanin wannan sani biyu ne. Na fari, uwargida ba za ta biya kuɗin bagaruwa a ba ta icce marar ƙarfi ba. Na biyu ya fi girma. Gawo, aduwa da bagaruwa suna cikin itatuwan da hukuma ta hana sarewa ba da izinin ma'aikatan gandun daji ba. Gawo yana zubar da ganye da damina, hatsi yana kyau ƙarƙashinsa. Da rani kuma ƴaƴansa abincin bisashe ne. Dami ɗaya na gawo tuwon kwana kaɗan zai dafa, amma gona ta yi hasarar shekaru.

Tun shekarun 1980 manoman jihar Maraɗi suka kama sassaben zamani. Suna barin tohon kalgo da sabara cikin gona, suna rage rassa kowace shekara. Mutanen Ɗan Saga, wajen Agye, sun yi suna a kai. Rassan nan su ne iccen girki na halal.

Mai saye in ya ga gungumen gawo cikin kaya, ya tambayi inda ya fito. In ba mai saye, ba mai sara.