Bututu ɗaya caca ne: yadda ya kamata ka haɗa magudanar tankin murjani

Yau magana ce da mai shirin kafa tankin gilashi na ruwan gishiri, irin wanda ake kiwon murjani mai rai da ƙananan kifin teku a ciki. Idan kai ne, na san inda hankalinka yake: fitila mai launin shuɗi, kifi masu kyau, da hoton da za ka ɗora. To ni kuma ina so in ja ka zuwa bayan tankin, inda ba a ɗauka a hoto. Ra'ayina a taƙaice shi ne: duk tankin da ruwansa ke sauka ta bututu ɗaya tak, ba a gama haɗa shi ba. Kuma shiru ba shi ne shaidar aiki ya yi kyau ba. Shaidar ita ce ka kashe wuta, ka toshe bututu da gangan, tayil ɗinka ya zauna a bushe.

Bari mu fara da yadda abin yake aiki. Yawancin irin wannan tanki hawa biyu ne. Akwai na sama da ake kallo, akwai ƙarami a ɓoye cikin kabad wanda ake kira samp, inda ake ajiye na'urar tace ƙazanta da hita da sauran kaya. Famfon lantarki yana tura ruwa daga samp zuwa sama. Ruwan saman yana tsiyaya ta haƙoran wani ɗan akwati a jikin tankin, ya faɗa bututu, ya koma ƙasa. Ka lura da wannan sosai: famfo ba ya tambayar bututu ko ya toshe. Shi dai turawa yake yi.

Mu yi lissafi. Ɗauki tanki mai tsawon santimita 120, faɗi 50, tsayi 50, wato lita 300 kenan. An saba a juya ruwa ta samp kamar ninki 3 zuwa 5 na girman tanki a awa ɗaya. Mu ce famfonka yana tura lita 1,200 a awa, lita 20 kenan a minti. Idan tazarar santimita 3 ce tsakanin ruwa da bakin gilashi, lita 18 kacal take ɗauka. Ka ga kenan in bututu ya toshe, ba a cika minti ɗaya ba ruwan gishiri ya fara bin bango, ya nufi soket. Kuma me ke toshe shi? Ba wani babban abu ba ne. Katantanwa ɗaya ce da ka saya da kuɗinka don ta cinye gansakuka, ko dunƙulen ciyawar ruwa, ko ɗan kifin da ya tsallaka akwati.

Hanyoyi uku ne suka fi shahara. Ta farko ita ce Durso, sunan wanda ya yaɗa ta, Richard Durso. Bututu ɗaya ne a tsaye, kansa a lanƙwashe cikin ruwa, da ƙaramar huda a sama don iska ta shiga. Ya rage ƙarar da bututu buɗaɗɗe ke yi, wannan gaskiya ne. Amma ruwa da iska tare suke sauka, shi ya sa da ka ƙara gudun famfo sai ka ji yana ƙugi kamar an ja ruwan bayi, kumfa ta cika samp, gishiri ya daskare a jikin kabad. Babbar matsalarsa dai ba ƙara ba ce. Ba shi da mataimaki.

Ta biyu ita ce Herbie, mai bututu biyu. Na farko yana nutse gaba ɗaya, babu iska ko kaɗan a cikinsa, yana zuƙo ruwa kamar yadda ake zuƙo fetur da tiyo daga tankin mota. Da yake ba iska, ba ƙara, kuma yana ɗaukar ruwa fiye da Durso mai faɗi iri ɗaya. A kansa ake sa bawul don daidaita gudun. Na biyu ya fi tsayi, a buɗe yake, ba bawul, aikinsa jiran ranar tsiya.

Ta uku ita ce Bean Animal, mai bututu uku: mai zuƙo da bawul, sai na tsakiya da ke karɓar ɗan rarar ruwa a hankali, sai na gaggawa da ke zama a bushe ƙarau. Idan tankinka yana da huda uku, wannan zan ce ka yi. Idan biyu ne, Herbie. Ƙasa da haka kuwa, ni ba na ba da shawara.

Na san abin da za ka ce. Ƙarin huda ƙarin kuɗi ne, ga bawul mai kyau da tsada, kuma akwai masu Durso da suka yi shekaru ba abin da ya faru. Haka ne, akwai su. Amma wanda bai taɓa yin hatsari ba, ba shi ne hujjar a cire birki ba. Ka ɗora kuɗin bututu ɗaya da bawul ɗaya a sikeli, ka ɗora kuɗin murjani da kifi da gishiri da kafet da silin ɗin maƙwabcin da ke ƙasanka in a bene kake. Rigakafi ya fi magani. Wani kuma zai ce tankinsa huda biyu ne, ɗaya na sauka, ɗaya na hawa. To mai da su duka na sauka, bututun hawa ya bi ta bayan gilashi ya leƙo ta sama. Bai kai ɗayan kyau a ido ba, amma za ka yi barci.

Kuskuren da ya fi ba ni tsoro shi ne mutum ya ga ana yabon Herbie, sai ya je ya ɗaura bawul a kan bututunsa guda ɗaya don ya kashe ƙara. Kar ka kuskura. Ka ƙuntata hanya ɗaya tilo da ruwa yake da ita, ka kuma samar da maƙogwaron da datti zai maƙale. Bawul sai in akwai bututun gaggawa.

Yanzu ga yadda ake haɗawa. Bakin bututun zuƙo ya kasance kamar santimita 15 ƙasa da bakin na gaggawa, don kar ya riƙa jawo iska daga sama, kuma ka sa masa mataci saboda katantanwa. Ya sauka a miƙe gwargwadon hali, domin doguwar kwanciya tana riƙe iska. Ƙarshensa ya nutse cikin ruwan samp da santimita 2 zuwa 3 kawai. In ya yi zurfi, zai sha wahalar fitar da iska idan famfo ya tashi. Na gaggawa kuma kar ya gaza na zuƙo faɗi, ƙarshensa ya tsaya sama da ruwa. Da gangan ake haka: ranar da ya fara aiki za ka ji fantsama, ka san akwai matsala.

Bawul ɗin ya zama get bawul na roba, mai murɗawa zagaye da yawa. Bol bawul kwata ɗaya yake juyawa daga buɗe zuwa rufe, ka ɗan taɓa shi ya wuce inda kake so. Ka gaya wa mai haɗa maka famfo a fili: babu tagulla, babu jan ƙarfe, ko guntu. Jan ƙarfe guba ne ga murjani da jatan lande da katantanwa. PVC kawai. Ka sa mahaɗi mai warwarewa kusa da bawul da famfo, don ranar wanki kar ka ɗauko zarto. Maɗaurin da ke ratsa gilashi kuma da hannu ake ɗaure shi, a ɗan ƙara kaɗan, ba a danne shi da sifana. Sannan kafin ka huda kowane gilashi, ka tabbatar ba irin wanda aka gasa ba ne, don shi tarwatsewa yake yi.

Sai daidaitawa, kuma nan haƙuri ake so. Buɗe bawul gaba ɗaya, kunna famfo. Za ka ji ƙara, ba komai. Fara rufewa kaɗan-kaɗan har kumfa ta daina fita a samp, ruwan cikin akwati ya fara hawa. Kowace murɗa, ka jira minti biyar kafin ta gaba. A Herbie, ka tsayar da ruwan daidai leɓen bututun gaggawa ko ƙasa da shi kaɗan. A Bean Animal, ka bar ɗan siririn ruwa yana bin jikin na tsakiya. Idan ruwan yana hawa yana sauka, bawul ya buɗe da yawa, yana shan iska. Idan na gaggawa yana ambaliya, ka rufe da yawa. Bayan 'yan makonni santsi zai taru a cikin bututu, sai ka sake ɗan taɓawa. Wannan ba lalacewa ba ce.

Gwaji biyu ne ba a tsallake su, kuma ka yi su da ruwan famfo tun kafin gishiri da kifi. Na farko: famfo yana aiki, ka rufe bawul ruf. Dole na gaggawa ya kwashe ruwan duka shi kaɗai. In bai iya ba, rage gudun famfo ko ƙara faɗin bututu.

Na biyu: zare filogi. Da famfo ya tsaya, ruwan sama zai ci gaba da sauka, kuma bututun hawa zai juya ya zama mai zuƙo, har sai bakinsa ya sha iska. A tankinmu na misali, kowane santimita ɗaya lita 6 ne. In bakin yana zurfin santimita 10, lita 60 za su sauko, jarka biyu da ɗoriya. Samp ɗinka yana da wannan filin? Maganin shi ne ka ɗaga bakin kusa da saman ruwa, ko ka yi ƙaramar huda ƙasa kaɗan da saman ruwa, ka riƙa share ta don tana toshewa. Kar ka dogara da bawul mai hana ruwa komawa. Ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta hana shi rufewa, kuma ba za ka sani ba sai ranar. Bayan ruwa ya tsaya, ka mayar da filogi ka ga ko zuƙon zai kama da kansa cikin 'yan mintuna. Sai ka ja layi a jikin samp, kar ka taɓa cika shi ya wuce nan.

Masu wannan sha'awa a Amurka da Turai suna iya daɗewa ba su ga an ɗauke wuta ba. Mu nan kuwa, tsakanin ɗauke wuta da juyawa zuwa janareta, tankinka zai riƙa yin wannan gwajin da kansa, kana gida ko kana kasuwa. Gara ka ga sakamakon da idonka tun yau, da bokiti a hannu.

Wanda ya riga ya kafa da bututu ɗaya, kar ya tayar da hankali: ya cire duk wani bawul da ke kansa, ya sa mataci, ya rage gudun famfo, ya fara shirin huda ta biyu. A tura wa wanda kuka san yana shirin sayen tanki, tun bai biya mai gilashi ba.