Waya ta shiga, wa zai zo?

Mu a Arewa ruwan da muka sani na tabki ne da rijiyoyin Dallol Mauri. Amma cikin samarinmu masu tafiya cin rani Libiya akwai waɗanda ake zugawa su tsallaka Bahar Rum, iyaye kuma a Dogon Dutsi, Matankari da Tibiri su kwantar da hankalinsu da magana ɗaya: ai yana da waya.

Salula ba ta aiki a tsakiyar teku. Eriyarta a kan tudu take, da zarar kwale-kwale ya yi nisa da gaɓa rezo ya ɗauke. Manyan jirage suna da nasu tsarin: rediyon VHF, inda aka ware tasha ta 16 don neman agaji, da GMDSS da ya zama tilas tun 1999, mai aika kiran ceto ta taurarin ɗan'adam na Inmarsat. Yau har da intanet na Starlink, wanda ya shigo Nijar a 2025, matuƙa na gaisawa da iyalinsu da shi ido da ido. Kwale-kwalen roba mai mutum ɗari kuwa, in an yi sa'a, dillali ya miƙa musu wayar tauraron ɗan'adam ta Thuraya guda, da ɗan kuɗin kira a ciki.

Ko ita ɗin ma ba ta fid da mutum daga ruwa. Ranar 11 ga Oktoba 2013 wani likita ɗan Siriya ya yi ta kiran hukumar ceto ta Roma daga jirgin da ke shan ruwa kudu da Lampedusa, ya faɗi daidai inda suke. Aka ce ya kira Malta. Awa wajen biyar ana turawa juna, alhali jirgin sojan Italiya na nan kusa, har jirgin da likitan ke ciki ya kife, mutum fiye da 200 suka halaka, da yara masu yawa. Alhali a 1912, da rediyon ƙwanƙwasa kawai, jirgin Carpathia ya ji kukan jirgin Titanic da ke nutsewa, ya juyo ya kwashi mutum sama da 700. Abin da ya faru kudu da Lampedusa shi ya sa masu sa kai suka kafa Alarm Phone a 2014: su ɗauki kira, su matsa wa hukumomi lamba, amma ba su da jirgi ko ɗaya.

Girbi na ƙarewa samari za su ɗaure kaya. Gidajen rediyonmu da limaman Juma'a su faɗi da Hausa cewa waya ba ta fid da mutum daga ruwa, tun kafin a kai gero rumbu.