Kada Mu Bari Dajinmu Ya Zama Sariska

'Yan uwa maza da mata, ku kasa kunne! Ku ji abin da ya faru a dajin Sariska da ke jihar Rajasthan ta Indiya.

A 1978 gwamnati ta keɓe wannan daji domin kare damisa mai ratsi-ratsi, a ƙarƙashin shirin da Indiya ta ƙaddamar a 1973. Ga doka, ga ma'aikata, ga lissafi a takarda. Amma da aka tsananta bincike a 2005, ko damisa ɗaya ba a gani ba. Ɓarayin daji sun ƙarar da su. Sun ɗana tarko, sun kashe, sun feɗe, sun sayar wa 'yan fasa-ƙwauri fata da ƙashi.

Indiya ba ta naɗe hannu ba. A 2006 ta kafa hukumar ƙasa mai kula da damisa. A 2008 aka ɗauko damisoshi daga dajin Ranthambore a jirgi mai saukar ungulu, aka sake su a Sariska. A 2012 aka ga 'ya'yan farko. A faɗin ƙasar kuwa, ƙidayar 2006 ta nuna 1,411, ta 2022 ta nuna 3,682. Daji yana farfaɗowa idan mutane sun tsaya masa!

To, idan gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Zakin dajinmu na Yankari ya yi ƙaranci matuƙa. Giwayen da suka rage suna cikin haɗari. Indiya ta samu wani dajin da ta ɗebo damisa daga cikinsa. Mu fa, daga ina za mu ɗebo?

Ku tashi, 'yan uwa! Kada ku sayi fatar damisa. Kada ku sayi hauren giwa. Kada ku nemi kitsen zaki don magani. In babu mai saye, mafarauci zai rataye bindigarsa.

Malam, ka faɗa a wa'azi cewa dabba amana ce. Uwa, ki koya wa 'ya'yanki. Makiyayi, kada ka zuba guba a mushe. Manomi, in giwa ta yi maka ɓarna, kai ƙara wurin ma'aikatan gandun daji. Matashi, in ka ga tarko, ka sanar. Mai unguwa, ka tara jama'arka. Ku tambayi wakilanku: an biya masu gadin daji haƙƙinsu? An ba su kayan aiki?

Ku tambaya yau. Ku hana yau. Ku tsaya wa dajinku yau, tun da sauran abin tsarewa a cikinsa!