Sauya Layin Aiki a Wannan Zamani: Fa'idodi da Illoli

Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, maganar sauya aiki ta zama ruwan dare a Tudun Jukun da sauran unguwannin Tudun Wadar Zariya. Malamin makarantar kuɗi yana tunanin kafa rumfar POS, akawu yana koyon haɗa sola da yamma, ma'aikaciyar jinya tana cike takardun neman aiki a ƙasar waje. A gefe guda kuma Jami'ar Ahmadu Bello da Kwalejin Nuhu Bamalli suna yaye dubban ɗalibai duk shekara, kowa na neman gurbi. Duk mai son canza layi, cikin wannan cunkoso zai kutsa, don haka ya kamata ya auna riba da asara kafin ya rubuta takardar ajiye aiki.

Fa'idodi

Ta farko ita ce ƙarin samu. A 2024 aka mai da mafi ƙarancin albashi naira 70,000, amma makarantun kuɗi da ƙananan kamfanoni da yawa ba su kai can ba. Wanda ya shekara goma albashinsa na tsaye, farashin masara da kuɗin mota na hawa, ba laifi ba ne in ya nemi inda guminsa zai fi daraja.

Ta biyu ita ce mutum ya gano baiwarsa, kuma Zariya tana da babban misali. Alhaji Abubakar Imam malami ne a Makarantar Midil ta Katsina lokacin da ya shiga gasar rubutu ta 1933 da littafinsa Ruwan Bagaja. A 1936 aka aro shi na 'yan watanni zuwa Hukumar Talifi a Zariya, wurin shugabanta Dokta Rupert East, ya rubuta Magana Jari Ce, sannan ya koma bakin aikinsa. Sai a 1939 ya zama editan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo. Da ya tsaya a aji kaɗai, da Hausa ta yi babban rashi. Abin lura shi ne bai saki koyarwa ba sai da ya gwada sabon aikin, aka ga hannunsa, aka neme shi.

Ta uku ita ce kariya daga ranar da aiki zai bar mutum. Ma'aikatan masaƙar UNTL ta Kaduna sun ga haka da aka rufe ta a 2007. Malaman firamare fiye da 21,000 da gwamnatin jihar Kaduna ta sallama bayan jarrabawar gwaji ta 2017 su ma sun gani. Waɗanda ke da wata sana'a a hannu sun fi saurin farfaɗowa a kan waɗanda albashi ne kaɗai madogararsu.

Ta huɗu, tsohon aiki ba ya tashi a banza. Malamin da ya koma tallar kayan kamfani yana tafiya da iya bayani, akawun da ya buɗe shago yana tafiya da iya lissafi. Ko asusun fansho, a tsarin karo-karo da aka fara a 2004, yana bin ma'aikaci duk inda ya koma aiki.

Illoli

Babbar illa ita ce giɓin samu. Sabuwar sana'a ba ta ciyar da mai ita a watannin farko, alhali kuɗin haya da na makarantar yara da cefane ba sa jira. Wanda ya ajiye aiki ya rasa damar rancen ƙungiyar ma'aikata, ya rasa inshorar lafiya in yana da ita, har mai kantin unguwa da ke ba shi shinkafa bashi zuwa ƙarshen wata sai ya fara ɗari-ɗari. Doka ta yarda wanda ya yi wata huɗu ba aiki ya ciri kashi 25 cikin 100 na asusun fanshonsa, amma wannan cin guzurin tsufa ne.

Ta biyu ita ce komawa sahun baya. Magidanci ɗan shekara 40 da ya shiga gyaran waya zai zauna a benci ƙarƙashin yaron da ya haifa, a aike shi sayo gilashin waya, a yi masa gyara a gaban masu kawo aiki. Ba kowa ke jure wannan ba. Ga kuma tallace-tallacen aikin banki da na damara da ke ƙayyade shekaru, su rufe ƙofa tun ba a duba ƙwarewa ba.

Ta uku ita ce rububi. Da an ga wani ya samu a wata harka, sai kowa ya faɗa. Mai bin titi daga Agoro zuwa Kongo zai ga rumfunan POS a jere, wata na kallon wata, masu su na hamma suna jiran mai cirar dubu biyu. Sana'ar da kowa zai iya farawa cikin kwana ɗaya, ribarta ba ta daɗewa.

Ta huɗu ita ce 'yan damfara. Su ne ke sayar da takardar kama aiki ta bogi, da bizar da babu ita, da kwas na intanet mai alkawarin daloli cikin wata guda. Mutane sun sayar da fili da gwal ɗin matansu a kan irin wannan.

Hukunci

In aka haɗa biyun, sauya aiki alheri ne ga wanda ya shirya, masifa ce ga wanda fushi da shugaba ko ƙyashin abokinsa ya tunzura. Kada a saki reshe a kama ganye. Ka koyi sabon aikin da yamma da ƙarshen mako tun albashi na shigowa, ko a wurin ƙwararre a unguwa, ko ta shirye-shiryen gwamnati irin na hukumar samar da aikin yi ta NDE, da kuma shirin koyar da fasahar zamani na 3MTT da aka fara a 2023. Ka tambayi waɗanda suka daɗe a harkar nawa suke samu da rani, nawa da damina. Ka tara abin da zai riƙe gida na aƙalla wata shida, ka yi shawara da iyalinka, domin su ma za su ɗanɗana. In lokacin tafiya ya yi, ka ba da sanarwa yadda ƙa'ida ta ce, ku rabu lafiya da tsohon wurin aiki, don wata rana shaidarsu za a nema.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, kada ku miƙa takardar ajiye aiki sai sabuwar sana'ar ta fara kawo kuɗin cefane. Allah ya sa mu dace da abin da ya fi zama alheri.