A Fafe Wa Dara Tebur

A Sara ta ƙasar Gwaram, kamar sauran garuruwanmu, dara ba ta bukatar komai sai inuwa da ƙasa: gurabe 30, 'ya'ya 12 kowane ɓangare, wanda ya jera uku ya ci ɗaya. To, ɗakunan ɗalibai da gidajen ma'aikata daɓen siminti ne, ba ya tonuwa. Dalilin da ya sa lido da karta suka gaje wurin ke nan, ba don sun fi ta zurfi ba.

Ra'ayinmu, mai tsohon tebur ya kai wa kafinta ya fafe masa layi 5, gurbi shida-shida, ya sa aljihun ajiye tsinkaye da tsakuwa. Ƙungiyar ɗalibai ta fara da teburin ɗakin hutu, ta kuma gayyato dattawan da suka san dokokin tun suna raye.