Ina Ruwan Indararonku Yake Sauka?

Hadari ya fara leƙowa daga gabas, kuma manya a Bakori da Funtuwa da Malumfashi hankalinsu ya koma kan taki da irin masara. To, gidan fa? Duba shi ya rage namu, musamman mu da ke zaune kusa da rafi ko kududdufi.

Mu ɗan yi lissafi. A ce ɗaki tsawonsa mita 5, faɗinsa mita 4, aka kwana ana ruwa har milimita 50, wanda ba abin mamaki ba ne a watan Agusta. Rufin nan kaɗai zai zubar da lita 1,000, wato jarka 40 mai cin lita 25. Duk ta indararo zai bi. In gajere ne ko ya tsage, a gindin bango ruwan zai sauka. Ginin ƙasa kuwa daga gindi yake fara mutuwa: ya jiƙa, ya zaizaye, wata rana cikin dare bango ya kwanta a kan masu barci. Shi ya sa kakanninmu ba sa barin damina ta riske su ba su yi yaɓe ba, su shafe shi da makuba, su kuma tayar da dakali a jikin katanga.

Sai hanyar fitar ruwa. Rariyar gida da kwatar unguwa, ledar fiyawata da mu kanmu muke yarwa ce ke toshe su. Abin da ya fi damunmu shi ne cike kududdufai ana gini a kai. Ramin da aka haƙa aka gina unguwa da ƙasarsa, shi ne ma'ajiyar ruwanta. In aka cike shi, ruwan zai nemi ɗakin wani. Ba mu manta da Jibiya ba, inda ambaliyar dare a watan Yulin 2018 ta ci rayuka sama da 40.

Iskar farkon damina ta fi son kwanon da ƙusarsa ta saki, ƙanƙara kuma takan huda wanda ya yi tsatsa. Wannan aikin kafinta ne, kada wani yaro ya hau rufi. Namu shi ne mu nuna wa Baba wurin da ya kamata a gyara, mu haɗa gayya ranar Asabar da shebur da manjagara mu yashe kwata, takardun makaranta da na haihuwa kuma mu ƙulle su a leda mu rataye a sama.